Raken da Baba Ya Kai Zariya

A waya na ga sunana cikin waɗanda aka ɗauka karatun digiri na biyu a Zariya, ina zaune a ofishin malamai tsakanin darasi na uku da na huɗu. A lokacin shekarata biyar ina koyarwa a wata sakandare a Ikara, kullum in hau acaɓa daga Kurmin Kogi da safe, in dawo da la'asar. Ranar dai ban san abin da na koya wa yara a sauran darussan ba. Ina isa gida, ko jaka ban ajiye ba, na tsugunna gaban Baba a zaure, yana gyaran ƙotar fartanya, na faɗa masa.

Ya yi hamdala, ya sa mini albarka har sai da na ji kunya. Sannan ya ajiye fartanyar ya tambaye ni inda zan zauna. Na ce ɗakunan cikin makaranta ba sa isa, haya zan kama a wata unguwa kusa.

"Uwata," ya ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana da bakinsa ba. "Karatu na yarda. Amma ba zan bar ki a gidan da ban ga idon mai shi ba. Sai na gaishe shi, na damƙa masa amanarki, ya ce ya karɓa. In ba a samu haka ba, ki haƙura sai wata shekara."

Shekarata ashirin da tara, ina da albashina, ina tsawata wa ɗalibai sittin su yi tsit, amma ga shi za a damƙa ni kamar 'yar da za a kai makarantar kwana. Dariya ta so kama ni, na danne. Na san Baba, in ya faɗi magana cikin wannan murya ta sanyi, to ya gama. Na kuma san kaina, ba zan iya sa ƙafa a mota ba tare da yardarsa ba. Saura mako uku a fara karatu. Zuwa da dawowa kullum daga ƙauyenmu ba abu ne mai yiwuwa ba, don akwai darasin ƙarfe takwas, akwai na yamma. In ba ɗaki, ba karatu, gurbin da na yi shekara biyu ina nema ya tafi ke nan.

Mu biyu ne a gidan. Inna ta rasu shekara huɗu kafin nan, Baba ya ƙi ƙara aure duk da surutun dangi. Yayana yana aiki can kudu, ƙanwata tana aure a Paki. Baffa, ƙanen Baba, katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi, fadamarsu ma ɗaya ce, ta gado, sun raba ta da kunya guda. Ni nake dafa wa Baba abinci, ni nake ba shi maganin hawan jini, farar ƙwaya da safe, ja da dare, don shi karatun allo ya yi, rubutun boko da ke jikin kwalin bai dame shi ba. Duk wannan na sani, amma a makonnin nan ban tsaya na yi tunaninsa ba. Kaina kawai nake gani, da jakar littattafai a kafaɗa.

Ni ma ina da nawa sharuɗɗan. Ina son ɗaki ciki da banɗaki, kusa da makaranta yadda zan taka da ƙafa, da ruwa, da kuɗin da albashin malama zai ɗauka ba tare da na koma shan gari ba. Sama da komai ina son wurin da hankalina zai kwanta. A ganina wannan yana nufin get na ƙarfe, da doguwar katanga mai fasassun kwalabe a sama, da taga mai ƙarafa. Wata tsohuwar abokiyar karatuna ta ba ni lambar wani dillali, ya cika mini waya da hotunan ɗakuna masu tayil, muka sa rana.

Da safiyar ranar na fito cikin shiri, na tarar da Baba a ƙofar gida da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, gefensa damin rake guda, an ɗaure da igiya sama da ƙasa. Tun da asuba ya je fadama ya saro.

"Baba, wannan fa?"

"Na mai gida ne. Haka za mu je wa mutum hannu rabbana, muna neman alfarma a wurinsa?"

Na ce haya ce, ba alfarma ba, kuɗinmu za mu biya. Ya ce ko aron gona mutum zai nema, da gallar da zai biya mai gonar bayan girbi da komai, ba ya zuwa ba ɗan abin gaisuwa. A tashar Ikara direba ya yi ta mita kafin ya ɗaure damin a bayan mota, rabinsa a waje. Muka bi ta Makarfi, inda rake yake jibge a bakin hanya kamar itacen girki, wani fasinja ya ce wa Baba ai da ya bari ya saya a nan. Baba ya ce kyautar da ba daga gonarka ta fito ba rabin kyauta ce.

Dillalin saurayi ne mai tsabta, takalminsa na ƙyalli, wayoyi biyu a hannu. Da ya ga raken ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Haka muka shiga napep mu uku, damin a kan cinyoyinmu, kansa ya leƙo ta dama, gindinsa ta hagu, masu babura suna kauce mana suna zagi.

Gidan farko shi ne na cikin hoton, har ya fi hoton kyau. Baƙin get, katanga da kwalabenta, ɗakuna takwas a jere, tankin ruwa a sama. Na shiga na buɗe famfo, ruwa ya zubo, zuciyata ta ce an gama. Baba kuwa bai shiga ɗakin ba. Yana tsakar gidan yana rafka sallama. Sau uku ya yi. Wata budurwa ta buɗe ƙofa da abin jin waƙa a kunne, ta dube mu, ta mayar ta rufe.

"Yaro, ina mai gidan?"

"Yana Abuja, Baba. Ba ya zuwa. Ta banki ake tura masa."

"To wa ke riƙe da gidan?"

"Ni ne nake kawo mutane."

"A nan kake kwana?"

"A'a."

"To wa zan ba raken?"

Dillalin ya yi 'yar dariya ya ce in ba damuwa shi ma yana shan rake. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ba da faɗa ba, ya gyara damin a kafaɗa ya nufi get. Na bi shi ina jin kamar in fashe.

Gida na biyu ya fi araha sosai, har na yi mamaki. Sabon fenti, shuɗi mai haske. Tun kafin mu shiga Baba ya tsaya a bakin kwata, ya tsuguna ya tsinko wata ciyawa ya nuna mini. Gemun kwaɗo ce, irin wadda ke fitowa inda ruwa ke kwana. Ya sa farce ya kankare fentin daga ƙasa, daidai gwiwarsa, sai ga baƙin layi a ƙarƙashi. Ya ce wa dillalin wannan wuri shinkafa ya kamata a shuka a cikinsa, ba mutane ba. Dillalin ya rantse ruwa bai taɓa shiga ba. Wata mata da ke shanya a maƙwabta ta ji, ta yi tsaki da ƙarfi. A nan kam Baba ya fi ni gaskiya, ni da nake da digiri a ilimin tsirrai ban ko dubi ƙasa ba.

Muka ga wasu biyu, duk labarin ɗaya ne, mai gida yana wani gari. Da yamma muka hau motar komawa da rakenmu. Kafin mu wuce Makarfi Baba ya sa direba ya tsaya, ya kwance damin ya raba wa fasinjoji, ya ce rake in ya kwana ya rage daraja, ba a kai wa mutum shi. Motar ta cika da ƙarar tauna da addu'a. Ni kaɗai ce ban karɓa ba.

Asabar ta gaba muka koma, da sabon dami. Wannan karon na gargaɗi dillalin tun a waya, na ce ya nemo gidan da akwai wani babba a ciki. Ya kai mu wani mai kyau, ba tsada, minti goma zuwa makaranta, ya gabatar mana da wani magidanci da ya ce shi ke kula da gidan. Mutumin kirki ne, ya amsa gaisuwar Baba har ƙarshenta, ya kawo tabarma da ruwa. Na ga Baba ya fara jawo damin kusa, na ce alhamdu lillahi a raina. Sai Baba ya tambaye shi shekararsa nawa a gidan. Ya ce biyu, shi ma haya yake, kuma an yi masa canjin wurin aiki, ƙarshen shekara zai tashi. Baba ya yi masa fatan alheri, ya mayar da damin inda yake.

A bakin titi na kasa haƙuri. Ban ɗaga murya ba, amma abin da na faɗa ya fi ɗaga murya.

"Baba, ka faɗa mini gaskiya kawai. In ba ka so in tafi ne, ka ce ba ka so. Ka san babu irin gidan da kake nema a garin nan. Wannan ba Kurmin Kogi ba ce. Kana so ne lokaci ya ƙure in zauna ina dafa maka tuwo."

Ya sauya wa damin kafaɗa, ya ɗaga hannu ya tsayar da napep. Har muka isa gida bai yi mini magana ba, ni ma ban yi ba. Fasinjoji suka sake shan rake. Har yau in na tuna maganar tuwon nan sai in ji kunya, don mutumin da na faɗa wa ita, tun rasuwar Inna bai taɓa cewa abincina ya yi gishiri ko ya yi lami ba.

Saura kwana biyar a fara karatu, ranar Laraba, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da sassafe.

"Uwata, shirya. Ki ce wa yaron nan mai takalmi ya huta. Yau ni zan yi dillancin."

Dami na uku yana jingine a zaure.

Bai nufi sababbin unguwannin da ɗalibai ke rububi ba. Ya sa mai napep ya zagaya da mu ta bayan makarantar, wata tsohuwar unguwa da ban taɓa shiga ba duk shekarun da na yi ina digiri na farko. Gidajen ƙasa ne da aka shafe da siminti, lunguna ƙanana, awaki kwance a gindin katanga ba igiya a wuyansu. Ya ce in mutum zai ari gona, ba mai gonar yake fara nema ba, maƙwabtan iyaka yake fara gaisarwa, su ne za su faɗa masa halin ƙasar da halin mai ita. Muka sauka kusa da wani ƙaramin masallaci ana kiran azahar. Ya jingine raken a jikin bango, ya cire takalmi ya shiga.

Na zauna a benci wurin wata mai suyar awara. Ban yi minti biyar ba ta tambaye ni daga ina, wa muke nema, wancan dattijon mahaifina ne, raken na sayarwa ne. Wata da ta zo saye ta ƙara nata tambayoyin. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata ga irin unguwar da ba za a bar mutum ya sha iska ba. Aka idar da salla, Baba bai fito ba. Ina hango shi ta ƙofa a tsakiyar tsofaffi, ana gaisuwa, ana tambayar damina, ana maganar tsadar taki. Ya kusa awa guda. Da ya fito na yi masa ƙorafin matan da suka dame ni da tambaya. Fuskarsa ta saki, karo na farko tun Asabar.

"Sun tambaye ki? Madalla. Gidajen da muka je can, mun shiga da dami a kafaɗa mun fita da dami a kafaɗa, ko mutum ɗaya bai ce mana daga ina ba. Da ke aka ɗauko a kafaɗar aka fita, haka za su yi shiru."

Ladanin masallacin ne ya yi mana jagora zuwa gidan wata tsohuwa da duk unguwar ke kira Iya. Mijinta ya yi aikin lambu a makarantar har ya yi ritaya, ya rasu, 'ya'yanta sun watse, tana ba da hayar ɗakuna biyu ga mata kawai, in ta ga dama. Babu get. Zaure ne da ƙofar langa-langa, tsakar gida a share tas, rijiya da murfi, bishiyar gwaiba. Ɗakin da babu kowa yana kusa da nata, siminti ne ba tayil ba, banɗaki kuma na kowa da kowa ne a can ƙurya. Na duba taga, ƙarafanta biyu ne kacal. Duk abin da na lissafa a raina, kusanci da araha kawai na samu.

Na zo da niyyar yin tambayoyi, sai na tarar ni za a yi wa. Iya 'yar ƙaramar mace ce, idonta kamar allura. Ta tambayi abin da nake karantawa, da dalilin da ya sa ban yi aure ba, da ko ina da baƙi maza, da ko na iya jan ruwa a rijiya ko sai famfo. Ta ce ana rufe zaure bayan isha, wanda zai wuce haka ya faɗa tun da rana. Na buɗe baki zan ce ni ba yarinya ba ce, Baba ya yi gyaran murya, na rufe.

Sai ta juya kansa. "Malam, daga ina?"

"Kurmin Kogi, Hajiya, ƙasar Ikara."

"Ikon Allah. Ni 'yar Kudan ce. Aure ya kawo ni nan tun ina da ƙuruciya."

Shi ke nan, aka manta da ni. Suka shiga jero garuruwa da kasuwanni, wane ya auri wance, har suka gano wata gwaggon Baba ta taɓa zama a unguwarsu Iya. Ina zaune a gefen tabarma ina kallon gwaiba. A nan ne Baba ya tashi da kansa ya ɗauko damin daga zaure, ya kwantar a gabanta.

Iya ta dubi raken, ta dubi Baba, sai ta buɗe baki ta nuna masa. Haƙora uku ne a ciki, ko huɗu.

"Malam, da me zan sha?"

Dariyar da na riƙe tun ranar farko ta ƙwace mini. Mako biyu muna yawo da rake a Zariya, ya sha napep, ya sha zagi, da ya samu mai shi kuma ba haƙora. Baba ma ya yi dariya har da share ido. Iya ta jawo kara ɗaya, ta murza ɓawon da yatsa, ta kai hanci ta shinshina. Ta daɗe a haka. Ta ce na fadama ne, ba na tudu ba, irin wanda mahaifinta ke kawo musu a kan jaki. Ta ce a bar mata kayanta, za ta sa a yanka ƙanana ta tsotsa, saura ta aika maƙwabta su san ta yi baƙi.

Baba ya gyara zama, ya tattara babbar rigarsa, ya durƙusa sosai kamar mai neman aure, shi da furfurarsa.

"Hajiya, ga 'yata nan. Uwata ce, mahaifiyarta ta rasu. Tana da baki, amma ba ta da mugunta. Na kawo miki amana. In ta yi ba daidai ba ki tsawata mata, in ta yi ciwo ki duba ta, in kin ga abin da ba ki gane ba ki aiko mini."

Iya ta daina wasa. "Na karɓa, Malam. Allah ya ba ni ikon riƙewa."

Aka shafa fatiha, ladan ya zama shaida. Na ɗauka an gama, har na fara lissafin katifa da risho. Sai Iya ta ce, "To kai fa, Malam? Ka ce uwarta ta rasu. Wa ke gare ka a gidan?"

Baba ya yi murmushi. "Allah yana nan, Hajiya."

"Yana nan kam," in ji ta. Ba shi ta kalla ba, ni ta kalla. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Shekara biyu da rabi na yi a ɗakin nan, ko cokali ban taɓa nema na rasa ba. Mun yi faɗa da Iya ba sau ɗaya ba, a kan rufe zaure, a kan guga, a kan wani abokin karatuna da ya zo karɓar littafi ta tsare shi da tambayoyi har ya manta abin da ya kawo shi. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni kuwa, ita ta lura ban fito jan ruwa ba, ta turo ƙofar, kafin azahar mai awara ta kawo kunu, ladan ya samo napep. Ƙawayena na gidajen get suna yi mini dariyar banɗakin ƙurya, ni ma ina taya su. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar dai, mun dawo gida ba dami a bayan mota, Baba yana ta hira da fasinjoji, ni ina kallon gonakin dawa ta taga, tambayar Iya tana cina. Washegari na shiga ɗakinsa da niyyar in zauna in koya masa maganinsa, wanne ne na safe, wanne ne na dare. Na ɗauko ledar daga kan taga. A jikin kowane kwali akwai rubutun ajami da tawadar allo, da hannun Baba. Ɗaya an rubuta safe, ɗaya an rubuta dare. Har kwalayen da ban buɗe ba an rubuta. Tawadar ta bushe ta fara dusashewa, ba rubutun jiya ba ne.

Na fito da ledar a hannu na same shi yana alwala. Na tambaye shi yaushe ya yi wannan.

"Ranar da kika zo da labarin," ya ce, bai ɗago ba. "Na kai wa mai kemis ya nuna mini. Na ga kullum ke kike ɓallowa ki ba ni, ba ki duba kwalin, shi ya sa ba ki gani ba."

Ashe tun kafin dami na farko ya riga ya sallame ni. Ni kuwa na tsaya a bakin titi na ce masa tuwo yake so. Na ba shi haƙuri. Ya ce in bar wannan, in je in duba abin da zan tafi da shi.

Ban je ba. Na ɗauki adda a zaure na gangara fadama. Rabon da in sari rake tun ina firamare. Na zaɓi waɗanda suka yi mini kyau a ido, dogaye masu kore shar, na sari bakwai, ganyen ya yanyanke mini hannu, na ɗaure su da ɗankwalina don na manta igiya. Na ɗauko a ka, na wuce ƙofar gidanmu, na yi sallama a gidan Baffa, taku goma tsakani.

Baffa yana tsakar gida da matarsa Gwaggo, ana sussukar masara. Da ya gan ni da rake ya fashe da dariya.

"Ke, lafiya? Raken fadamarmu kika kawo mini? Ai nawa yana haɗe da shi."

Na sauke a gabansa, na durƙusa yadda na ga Baba ya yi.

"Baffa, jibi zan tafi. Ga Baba nan. Na kawo muku amana, kai da Gwaggo. Ba ya faɗa in ba shi da lafiya, sai an lura. Ba a sa masa gishiri da yawa. In ya ce ya ci abinci, a duba kwanon. In kun ga abin da ba ku gane ba, ku kira ni, ko ina cikin aji ne."

Dariyar ta tsaya. Baffa ya dube ni, ya dubi katangar da ke tsakanin gidajen biyu. Shekararsu sittin da wani abu tare da yayansa, ba wanda ya taɓa ba shi amanarsa, ban jin ya taɓa tunanin ana bayarwa. Ya cire hularsa ya mayar. Matarsa ta sa bakin zane a ido.

"Na karɓa," ya ce. "Allah ya ba ni ikon riƙewa."

Ban san Baba ya biyo ni ba sai da na ji takunsa a baya. Ya zo ya tsaya kan raken, ya ɗaga ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya juya shi. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce ta kullum.

"Uwata, duk fadamar nan ki rasa wanda za ki sara sai wanda bai nuna ba?"

Baffa ya karɓe karan daga hannunsa, ya karya a gwiwa, ya ɓare da haƙori ya tauna. Na ga yadda fuskarsa ta yi, na san salam yake kamar ruwa. Ya shanye gaɓar tas, ya karya ta biyu ya miƙa wa Baba, shi ma ya zauna a bakin turmi ya sha.